Mai Shayin Jirgin Fito

Sau goma sha shida a yini nake ƙetare nahiya,
faranti a tafi, kofunan gilashi na kaɗa haƙora.
Minti ashirin ne daga Asiya zuwa Turai.
Masana sun cika kundaye a kan wannan tazara,
ni kuwa shayina bai gama hucewa ba mun isa.

Tun ina yaro a Uskudar aka ɗora mini karatun:
mutumin Yamma agogo ne mai ƙafafu,
ƙirjinsa firji, uwarsa na gidan gajiyayyu.
Daga baya na ji su ma an biya musu namu,
wai ba mu san lokaci ba, sai ƙaddara da ciniki,
wai in mun yi shiru hikima muke dakawa,
alhali kuɗin haya muke lissafi.
Kowa ya yi wa kowa kuɗin goro
ya koma gida da sauƙin kai.

Wata Ba'amurkiya ta taɓa tsare ni da ido,
ta ce fuskata na da natsuwar da ta ɓace musu can.
Na gode mata.
Ban gaya mata turmin haƙorina ke zogi ba.

Kyaftin ɗinmu Hayrettin, haifaffen Tirabzon,
in ka makara da daƙiƙa guda zai janye tsani
ko da kai ne surukinsa.
Ran wata Talata, ana yayyafi,
ya bar wani Bajamushe a bakin gaɓa yana ɗaga hannu.
Sai a sawu na gaba mutumin ya shigo, jiƙe sharkaf,
yana turo keken wata tsohuwa.
Detlef take kiransa, wani lokacin kuma da sunan mijinta.
Ta ɗauka kogin garinsu ne muke bi.
Ya sayi shayi ɗaya, ya hura, ya sake hurawa,
ya ɗana a leɓensa kafin ya kai nata,
ya share mata haɓa da hannun riga.
Shekara shida, ya nuna mini da yatsu,
shi ke mata wanka.

Na juya baya na hau jera cokula
waɗanda tuni suke a jere.
Tawa uwar, Shukriye, tana Siwas.
Wata goma sha ɗaya ban taka ƙofarta ba.
Kuɗi nake aikawa, ƙanwata ke ɗagawa da kwantarwa.
Ni ne fa ɗan Gabas mai biyayya
da ke cikin kundayensu.

Ba na cewa duk zancen ƙarya ne.
Na ga Baturen da ya ƙirga canjinsa sau biyu a gabana.
Na kuma ga ɗan layinmu ya ƙirga sau uku
ya ce da saura.

An ce mutanen Japan ba sa ɗaga murya.
Sai ga Fumie daga Osaka, mai kantin kifi,
ta yi dariyar da ta tashi tsuntsaye daga kan ƙarfen jirgi,
ta yi tayin burodi har na rage mata don kunya.
Ta ce yau ta fara ganin Yamma da idonta.
A lokacin igiyarmu na ɗaure a gaɓar Asiya.
Detlef kuwa ya ce ya kawo uwarsa ta ga Gabas,
yana faɗa ƙafarsa na kan dutsen Turai.
To ni ina nake?
Na duba ruwan, ban ga inda aka ja layi ba,
sai ɓawon lemo da kumfar inji.

Dare ya yi, an kashe fitilun sama.
Kofi biyu sun fashe yau, daga albashina za a cire.
Na zauna kan akwatin sukari,
na lalubo lambar Siwas.
Tana ƙara.
Na san abin da za ta fara tambaya:
ko na ci abinci.